Gwangwanin hayaƙi da rigar zuma da na saya a Damagaram, da maganar wai masu zuma ba su ciwon daji

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun bara mutane ke damuna a salula, wai kayan zuman nan da ka saya ya suke, sun fid da kuɗinsu ko kuwa asara ka yi, ni kuma na ƙi cewa uffan sai da na yi ɗiba uku da su, rani ya bi ta kansu, damina ta bi, hunturu ma ya bi, don kaya irin wannan ba a yabonshi ranar da aka ciro shi daga leda. Yanzu kam ina da abin faɗi, kuma zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya yi haƙuri.

Ni ba wani babban mai zuma ba ne. Amya 14 gare mu ni da kawuna a wani lambu kan hanyar Miriya, 9 na gargajiya ne irin waɗanda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu a ɗora bisa gawo ko tsamiya, 5 kuma na katako ne irin na Kenya da na samu bayan wata formasiyo, wato horon kiwon zuma. Aikina na cin abinci daban ne a cikin gari, zumar gado ce kawai na ƙi saki. Shi Kawu ya haura shekara 40 a ciki. Yadda muka taso muka tarar, sai dare ya raba a tuɓe riga don kada ƙudan ya shiga tsakanin tufa da fata ya maƙale, a ɗaure damin kara ko yayi a cinna mishi wuta a hau itace, kana hurawa da bakinka, rabin hayaƙin na shiga amya rabi na shiga ƙirjinka, hawaye na zuba majina na zuba, in ka sauko kwana biyu kana tofar da baƙin kaki. Kuma in karan ya ɗan yi sanyi ya ƙi kamawa, yaran da ke taya mu sai su tsinto leda ko guntun roba su cusa a ciki don wuta ta tashi, da idona na sha gani ban taɓa hanawa ba, don ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Abin da ya tashe ni tsaye tarin Kawu ne. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa wata da watanni, ga nishi in ya ɗan yi tafiya, har muka fara jin tsoron ko abin nan ne da ba a son faɗin sunanshi. Muka kai shi likita aka yi mishi radiyo da analis, Alhamdu lillahi ba daji ba ne ba kuma tarin fuka ba, amma tambayar farko da dokta ya yi mishi ita ce Baba taba nawa kake sha a rana. Kawu da bai taɓa sa taba a baki ba tun da uwarshi ta haife shi! Har ranshi ya ɓaci. Da muka yi bayanin sana'arshi sai dokta ya kaɗa kai ya ce to ai ga tabar nan, ƙirjin ya gaji da hayaƙi. A satin na shiga neman kaya.

Kantin yana nan wajen kasuwar Dole, ba zan faɗi sunanshi ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi a gaba kuma ba ɓata wa mutum kasuwa na zo yi ba. Asali irin lambu da taki da famfon feshi yake sayarwa, kayan zuman a lungu guda suke, wasu daga Kano ake kawo mishi wasu kuma na Sin ne. Na ɗauki gwangwanin hayaƙi, wanda ƴan formasiyo ke ce ma anfumuwar, jika 13 bayan ciniki, riga mai haɗe da wando da hula mai raga jika 22, safar hannu jika 4, sai ɗan ƙarfen banƙare amya da ya ba ni gyara. Ƴan uwanmu na Najeriya da ke karantawa, jika ɗaya sefa 1000 ke nan. Alhajin mutum ne mai fara'a gaskiya, ya sa aka kawo mini ruwa, ya bari na gwada rigar a wurin har sau biyu, bai nuna gajiya ba. Ina ƙirga kuɗi sai ya ce mini Malam ai ku masu zuma kun tsira, ba ku yin ciwon daji, likitocin Turai sun tabbatar harbin ƙudan zuma rigakafi ne. Na ce to Alhaji in haka ne me ya sa kake sayar mini da rigar da za ta hana a harbe ni? Ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce kasuwa daban magani daban. Zan dawo kan wannan maganar don ita ce ta fi cina.

Bari in fara da gwangwanin don shi ne ya fi burge ni cikin kayan duka. Na inoks ne, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da wayar ƙarfe zagaye da shi don kada ka ƙone hannu, da ɗan zugazugi a baya irin na maƙera sai dai ƙarami, da murfi mai baki kamar na buta. Ka zuba abin ƙonawa ka kunna ka rufe, in ka matsa zugazugin hayaƙi ya fita ta bakin ya tafi inda ka nuna shi, ba inda iska ta ga dama ba. Ba sabon abu ba ne ma, wani Ba'amurke mai suna Moses Quinby ne ya fito da irinshi tun 1873, mu ne dai labari bai iso mana da wuri ba. Hikimar hayaƙin ita ce in ƙudan ya ji haɗari akwai wani wari da yake saki mai kama da na ayaba, shi ke kiran sauran su taso yaƙi, to hayaƙi na rufe warin nan, kuma yana sa su duƙufa shan zuma kamar masu shirin gudun gobara, cikinsu ya cika su yi laushi. Ashe ba a buƙatar gobara ta gaske, ɗan kaɗan ya isa. Da can damin kara guda muke ƙonawa a amya ɗaya ko biyu, yanzu cikin tafin hannu biyu na busasshen kashin shanu da totuwar masara ina gama amya biyar da shi har ya yi saura. Dabarar da aka koya mana ita ce ka fesa a bayan hannunka tukuna, in ka ji zafi to bai yi ba, ka ƙara ɗanyen ganye a sama har hayaƙin ya zama fari mai sanyi, mai kauri kamar hazo.

Abin da ya canza a zumar kanta ma ba kaɗan ba ne. Babu ƙaurin nan, babu toka, babu ƙonannun ƙudaje suna yawo a ciki. Wata hajiya a Birni da ke sayen tamu tun da daɗewa sai da ta tambaye ni ko na canza wurin saro ne, na ce a'a Hajiya amyar ce dai, wutar ce muka rage.

Aibinshi biyu. Fatar zugazugin ba fata ba ce, roba ce aka yi ma fenti, hunturun farko ta bushe ta tsage daga gefe iska na fita. Na mayar kanti Alhaji ya ce babu garanti a kanshi, ban ji daɗi ba amma ban yi mamaki ba. Na kai ma wani baduku a Zango ya cire ta ya sa jar fatar akuya ya buga ƙusoshi, dala 150 kacal, wato sefa 750, yanzu ya fi sabo ƙarfi, ai Damagaram ba a koya mana aikin fata. Na biyu murfin na liƙewa, don wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta na taruwa a ciki, sai ka sa wuƙa ka kankare duk bayan ɗiba. Ranar da na fara kankarewa na tara shi a takarda na kai ma Kawu na ce Kawu dubi abin da ɗiba ɗaya ta bari a jikin ƙarfe, to kai shekara 40 ina naka ya tafi? Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya ce Allah ya kyauta.

Wannan baƙin danƙon ne ya sa na zauna na yi karatu a kan maganar daji da gaske, ƙanwata infirmiya ce ita ma ta taya ni. Akwai wata cibiya ta hukumar lafiya ta duniya a birnin Liyon na Faransa, CIRC, aikinta ke nan tantance abubuwan da ke jawo ciwon daji tana sa su aji-aji. Hayaƙin itace da ake shaƙa cikin gida ta sa shi a ajin 2A, wato ana kyautata zaton yana jawowa, sannan a cikin hayaƙin akwai sinadarai irin su benzopiren da formaldehid da su kam suna aji na 1, wanda babu tantama a kansu. In za a yi adalci, wannan hukuncin a kan masu girki da itace kullum cikin ɗaki aka yi shi, ba a kan masu zuma ba, iyayenmu mata da ke wuni a madafa sun fi mu sha nesa ba kusa ba. Mu namu na ɗan lokaci ne, sai dai mai kauri ne kuma fuskarka na tsakiyarshi. Amma ledar nan da roba da yara ke cusawa ita ce babbar masifa, roba irin ta tiyo da takalmi in ta ƙone tana fid da wata guba mai suna diyoksin, guntun taya kuma baƙin hayaƙinshi cike yake da dangin benzopiren ɗin nan, kuma ba ƙirjinka kaɗai ba, yana sauka a kan saƙar da za ka matse ka sayar ma mutane su ba ƴaƴansu. Akwai ma masu zuba garin taba wai ta fi sa ƙudan ya kwanta, to ai ka sha taba ke nan ba ka sani ba. Buhun algarara yana ci da kyau a gwangwanin, amma sai ka tabbata ba wanda aka adana wake da magani a ciki ba ne. Kwali mai fenti da tsumman leshi ko yadin roba duk na hana. Ni yanzu kashin shanu, totuwa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, shi ke nan, kuma ina tsayawa ta inda iska ke fitowa don ta tafi da hayaƙin gaba.

Wani maƙeri ya nuna mini nashi na gida da yake ƙerawa jika 5, aikin ba laifi wallahi, kuma wanda bai da jika 13 gara ya sayi wannan da ya koma ma damin kara. Abin dubawa kawai wane gwangwani aka yanka, in na madara ne ko tumatir to, a ƙona shi wayam sau biyu fentin ya fita kafin a kai shi amya, in kuwa na fenti ne ko na maganin feshi ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

To mu dawo kan maganar Alhaji mai kanti, wadda ba shi kaɗai ba ne, tana yawo a WhatsApp da muryoyi iri-iri, wai an bincika an ga masu zuma ba su yin daji. Binciken akwai shi da gaske, amma ba abin da ya ce ke nan ba. A Amurka aka yi shi aka buga a 1979, an bi takardun mutuwar masu kiwon zuma 580 da suka rasu tsakanin 1949 da 1978, aka gwada da sauran jama'a. An ga waɗanda daji ya kashe sun ɗan yi ƙasa kaɗan da yadda aka zata, kuma inda bambancin ya fito sosai dajin huhu ne a maza, su masu binciken da kansu suka ce mai yiwuwa don masu zuma ba su cika shan sigari ba ne. Sauran ire-iren daji duk kusan ɗaya da kowa. Ƙarshen maganarsu shi ne yawan harbi bai nuna cutarwa ba bai kuma nuna amfani ba. Ka ga ke nan masu zuma suna yin daji kamar kowa, a cikin 580 ɗin nan ma akwai waɗanda shi ya kashe su. Labari ne ya taso daga Amurka yana tafe ana ƙara mishi gishiri har ya iso kasuwar Dole ya zama rigakafi.

Ɗaya labarin da ake haɗawa da shi na 2020 ne daga birnin Perth na Ostareliya, wata mai bincike Ciara Duffy ta gwada dafin ƙudan zuma a kan ƙwayoyin dajin nono, aka ga wani sinadari da ke cikin dafin mai suna melitin, wanda shi ne kusan rabin dafin in ya bushe, yana fasa ƙwayoyin cikin awa guda. Gaskiya ne kuma abin farin ciki ne. Amma a cikin kwanon gwaji aka yi da jikin ɓeraye, da awo, ana kai shi daidai inda ƙarin yake. Ba a ce mace ta je ta tsaya gaban amya ba. Shi melitin ɗin nan shi ne mai sa raɗaɗin da kake ji, kuma yadda yake fasa ƙwayar daji haka yake iya fasa lafiyayya in ya yi yawa. A Sifaniya an ba da rahoton wata mata mai shekara 55 a 2018, ta yi wajen shekara biyu ana sa ƙudan zuma na harbinta da sunan magani lafiya lau, rana ɗaya jikinta ya juya numfashi ya sarƙe, daga nan ba ta tashi ba.

Kada wani ya ce na raina zuma, ni da nake ci da ita. Allah ya faɗa a Suratun Nahli cewa a cikinta akwai waraka ga mutane, mun yi imani, kuma ko likitoci na amfani da ita a kan gyambo da ƙuna, tana kuma lafar da tari. Amma ayar abin sha da ke fita daga cikin ƙudan ta ambata, ba harbi ba, kuma ba ta ce ka ji ƙullutu a jikinka ka zauna gida ba. Abin da ya sa nake zafi a nan, akwai wata baiwar Allah a danginmu da ta ji ƙullutu a nono, ta yi wata takwas tana aiko yaro sayen zuma wurina tana shafawa tana sha da habbatus sauda, ni ban san dalili ba ina ta murna da ciniki, sai da abu ya fashe aka sani. Cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa tana Yamai, a 2021 aka fara gashin na'ura a can, daga nan kusan kilomita 900 ne, ga kuɗin mota ga masauki ga mai jinya, na san ba wasa ba ne kuma shi ya sa mutane ke kama duk abin da ke kusa. Ta je daga baya, tana nan da rai ana ta fama, amma dokta ya ce da ta zo tun farko da aikin bai kai haka ba. Tun daga ranar duk mai sayen zuma da yawa a kai a kai sai na ɗan tambaya lafiya dai ko, wasu su ji haushi, ni dai na fita haƙƙi. Haka masu jego ina gaya musu jariri da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, akwai ƙwayar cuta da hanjinshi bai iya da ita tukuna.

Rigar kuma, fara ce ta auduga mai kauri, farin da gangan ne don ƙudan ya fi kai hari kan baƙin abu. Namu na nan kuwa kun san halinshi, ba irin na Turawa ba ne da ake gani a bidiyo mutum na shafa su da hannu, namu in ya taso sai ya raka ka har bakin hanya. A ɗiba uku harbi huɗu kawai ya same ni ta cikin rigar, duka a gwiwa da kafaɗa inda yadin ke manne da fata in na durƙusa, da can kuwa a dare ɗaya ba na iya ƙirgawa. Babban amfaninta a wurina shi ne na daina aikin tsakar dare. Da sassafe ko gab da magariba nake buɗe na katakon, ina gani da idona, in yanki saƙar da ta rufe in bar mai ƴaƴa, shi ya sa bana amya ɗaya kawai ta gudu, da kuwa bayan kowace ɗiba sai mun rasa uku ko huɗu don mun ƙone su mun kwashe musu komai. Na bisa itace ma da sauran haske muke saukowa da su da igiya. Faɗowa daga gawo cikin duhu da wuta a hannu ta karya mutane da yawa a ƙauyukan nan, ko a binciken Amurkan nan an samu aƙalla mutum biyu da hatsarin aikin amya ne ya kashe su.

Sai dai zafi, wayyo zafi. A watan Afrilu da rana ke wuce digiri 40 in ka shiga rigar nan minti 30 sai ka ji kamar an sa ka a tukunyar dambu, ranar farko jiri ya ɗebe ni sai da na zauna gindin mangwaro. Yanzu ina shan ruwa sosai kafin in sa, kuma singileti kawai nake bari a ciki. Zif ɗin wuya ya lalace a wata na huɗu, ƙuda biyu suka shigo cikin hular, wanda bai taɓa ganin ƙudan zuma na yawo a gaban hancinshi ta ciki ba bai san tashin hankali ba. Tela ya canza mini da babban zif na jaka ya ƙara ɗan yadi mai mannewa a kan mahaɗar. Ragar fuskar kuma ba ta son tartsatsi ko kaɗan, ku kunna gwangwani kafin ku sa hula. Ƙafar wandon robarta sakwaf take, sai na haɗa da bot na cusa a ciki. Kuma a riƙa wanke ta, don warin harbin da ya rage a yadi na kiran wasu, a wanke ta daban ba cikin kayan iyali ba.

Safar hannun ita kam asara ce, ba zan ɓoye ba. Ta yi tauri kamar ƙirgi, ba ka jin abin da ka riƙe, kana murƙushe ƙudaje ba ka sani ba su kuma suna ƙara hasala, ga ɗinkin babban yatsa ya buɗe tun fita ta biyu. Kada ku saya, ku kai ma baduku ya ɗinka muku ta fata mai laushi da dogon hannu na yadi.

Kawu da farko ya ƙi rigar, wai shi jikinshi ya saba, harbi abincinshi ne. Akwai gaskiya a ciki, wanda ake harbi da yawa duk shekara jikinshi kan saba, waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu samun harbi jefi-jefi, irin yaran gida da masu taya aiki. Mun gani a kan ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 17, harbi ɗaya tak a wuya, kafin minti 10 jiki ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, murya ta shaƙe yana ce mini ba na iya numfashi. Allah ya taimaka babur na kusa, muka sa shi tsakiya sai likita, majo ya yi mishi allurar adirenalin nan take ya dawo. Ya ce da mun tsaya shafa mishi toka ko albasa da wani labarin ake yi. Kumburin wurin harbi kawai ba komai ba ne, ka kankare ƙarin da farce da sauri ka sa ruwan sanyi, amma in ka ga ƙaiƙayi ya bazu duk jiki, ko jiri, ko amai, ko numfashi na sarƙewa, to ba a jira. Yaron yanzu an hana shi zuwa lambun gaba ɗaya. Shi kuma Kawu da ya ga haka da idonshi ya ce a sayo mishi hular kawai, rigar dai har yau yana cewa ta ƴan boko ce, amma gwangwanin ya ƙwace mini shi, sai na roƙa yake ba ni.

Ƙorafina na gaske a kan kantin ba zugazugi ba ne ba safar hannu ba. Na koma neman shawara kan tururuwa da ke hawa ƙafar amya da tsutsar da ke cin saƙa, Alhaji ba ya nan, yaron kanti ya miƙo mini kwalbar piya-piya ya ce in yayyafa a ƙafafun, ya ce kuma in jefa kafur biyu a cikin amyar da babu kowa. Na ce ƙanena ka san abin da kake faɗi kuwa? Piya-piya sunan sinadarinta diklorbos, guba ce mai kama jijiya, tana kashe ƙudan zuma kafin ta kashe tururuwa, tana shiga ta fata da numfashi, kuma cibiyar Liyon ɗin nan ta sa ta a ajin 2B na abubuwan da ake tuhuma. Kafur ɗin ma naftalin ne, shi ma 2B, kuma kaki na shanye shi ya zauna a ciki. A kanta guda ga gwangwanin hayaƙi ga maganin ciyawa gilifosat da aka sa a 2A tun 2015, duk yaro ɗaya ke bayani a kai ba tare da an koya mishi komai ba. Yawancinmu masu zuma manoma ne kuma, hannun da ke ɗibar zuma shi ke riƙe famfon feshi ba safa ba takunkumi, in ana neman inda daji zai shigo ma mai zuma ni can nake kallo da cikin hayaƙi, ba bakin ƙudan ba. Na gaya ma Alhaji daga baya, ya karɓa da kyau ya yi ma yaron faɗa a gabana, amma kwalaben na nan inda suke. Tururuwar dai gwangwanin ruwa na sa ƙarƙashin kowace ƙafa na zagaye da toka, tsutsar kuma na rage ma amya mai rauni fili, na daina barin tsohuwar saƙa a ciki.

In da maki zan ba su bisa 10, gwangwani 9, riga 7 bayan gyaran tela, safar hannu 2, tarbar Alhaji 8, shawarar da ake bayarwa a kantin kuwa ku ji ta da kunne ɗaya. Kuɗin duka ya dawo mini tun a ɗiba ta biyu. Wanda kuɗinshi bai kai duka ba ya fara da gwangwani da hula, rigar tela na iya ɗinka mishi da yadin buhun fulawa mai kauri ninki biyu in ya ga samfuri, tawa na nan duk mai so ya zo ya auna. Tarin Kawu ya yi sauƙi bai dai rabu da shi ba, in hazo ya sauko sai ya tashi, wata mai zuwa za mu koma a sake duba ƙirjin. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa in sayo gwangwani na biyu tunda na farko ya zama na Kawu, wannan karon daga kanti sai wurin baduku kai tsaye, ba zan jira hunturu ba.